Awar Myron

Gona, kusa da Canora
8 ga Mayu, 1984

Yaya Odarka,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kin koma Winnipeg lafiya, kuma ƙafar nan taki ba ta kumbura da zaman mota ba. Ni lafiyata ƙalau, barci ne kawai ba ya zuwa yadda ya kamata. Ya ƙarin haƙurinmu?

Na ɗauki biro ne don in yi godiya, tunda ranar jana'iza bakina ya kasa. Ke kika zaɓa wa ƙaninki rigar da aka sa masa, ke kika tsaya a kicin kina ba mata umarni kamar soja, ke kika kwana a gadona riƙe da hannuna. Hunturu shida Myron yana zuwa ya zauna a gidanki ya yi aikin niƙan alkama don gonar nan ta tsaya da ƙafarta, ba ki taɓa karɓar kuɗin ɗaki ba. Allah ne kaɗai zai biya ki.

Ki gaya wa Lucien, helman su Myron, mai kula da aikin dare, ban manta ba. Ba danginmu ba ne, ba ɗan cocinmu ba ne, amma ya biyo gawa tun daga birni a motarsa, ya kama kan akwati. Da ya zo yi min gaisuwa ya buɗe baki ya rufe, yana ta murɗa hularsa kamar zai matse ruwa daga cikinta. Sai kawai ya sa min agogon Myron a tafin hannu ya fita. Agogon yana nan yana tafiya daidai da na bangon kicin. Kullum nakan murɗa shi kafin in fita tatsa.

Jiya maƙwabta suka zo da tarakta huɗu suka shuke min gona kaf kafin rana ta faɗi. Har Wasyl ya zo, kuma ki ji abin mamaki, da injin shukarmu da ya ara tun bara. Ya ce da ma yana hanyar kawowa. Na dafa musu ƙullin dankali da albasa, na tsaya a bakin gona ina kallon ƙura. Saura mako guda Myron ya dawo ya yi wannan aikin da kansa.

Kada ki neme ni a waya. Kin san layinmu ɗaya ne da gida biyar, kuma numfashin Paraska matar Wasyl nake fara ji kafin naki. Takarda ta fi min.

Fadan cocinmu ya sa addu'ar kwana arba'in ranar 7 ga Yuni. Lucien ya ce shi zai kawo ki. Zan yi burodin kitso da dafaffiyar alkama da zuma. Ki rubuto min ƙarfe nawa za ku taso, ki kuma faɗi da agogon wa, don na san yanzu kun shiga gabanmu da awa guda kamar kowane rani. Mu nan Saskatchewan agogonmu ba ya motsi, kamar mutanenmu.

Matar ƙaninki,
Stefka

Gona
17 ga Mayu

Yaya Odarka,

Ina gaisuwa. Ya ƙafa? Ni ina nan. Jar saniyar ta haihu, mace, lafiya lau.

Ambulan ɗin wasiƙa ya zo daga kamfani da takardun Myron. Ina da tambaya guda. Kin san karatuna bai wuce aji shida ba, amma ina iya karanta lamba. Duk daren da Myron ya yi aiki, awa takwas ake rubuta masa. Na fito da tsoffin takardun daga gwangwanin biskit na duba, duka takwas ne. Na daren da ya rasu an rubuta bakwai. Ki tambayar min me ya sa. Ki tambaya a ofis, kada ki tambayi Lucien.

Akwai wata takardar a ciki, ba zan iya maganarta yanzu ba. Na kife ta a kan teburi na ɗora mata tulun gishiri.

Maganar arba'in kuma, ki ce wa Lucien kada ya wahalar da kansa. Hanya ba kyau bana, ruwa ya cinye ta daga wajen gada. Ke ki shigo bas, zan sa a ɗauko ki a gari.

Na gode da safar da kika bar min a ƙarƙashin matashi. Sai shekaranjiya na gan ta.

Stefka

Winnipeg
24 ga Mayu

Matarmu,

Na samu takardunki biyu. Ina taya ki murnar maraƙi. Ƙafa tana nan tana mulkinta, likita ya ce in rage gishiri, na ce ya rage kuɗin ganinsa mu yi canjaras.

Na sa hular coci na tafi ofishin kamar yadda kika ce. Wata 'yar siririya ce mai kula da biya, gilashinta rataye da sarƙa. Na ajiye mata maganar a gabanta. Na ce, "'Yata, ƙanina ya mutu a wurinku, kun kuma rage masa awa. Ko a nan mutuwa laifi ce?"

Ta duba kwanan watan ta ce, "Ayya, Baba, ai gajeren daren nan ne. Kowa bakwai aka ba shi."

Na ce, "Har helma?"

Ta ce, "Har helma, har mai gadi. Doka ta ce a biya mutum awannin da ya yi a zahiri, ba waɗanda aka manna a bango ba. Gajeren dare bakwai ne, dogon dare na kaka tara. Awa ta taran ma da ƙarin rabi ake biyanta, tunda ta haura takwas. Da can takwas muke rubutawa ko'ina don sauƙin lissafi, sai da mutanen ƙwadago suka zo suka ja mana kunne."

Ta ce shi ya sa ake tsara aiki yadda rukunin da suka ci gajeren dare su ne za su ci dogon, don kada wani ya ƙwaru. Ta kuma ce a ƙa'ida Myron awa huɗu ya yi kafin ya faɗi, Lucien ne ya zo ya tsaya mata a ka sai da ta rubuta masa daren cikakke kamar na kowa. To kin ji.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Wace hanya ce ba kyau, Stefka? Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota a kan daskararren tafki, shi ne ruwan gadarku zai tsorata? Ya zo ranar Talata ya gyara min famfo, na isar masa da saƙonki. Yana shan shayi. Ya ajiye kofin a hankali ya ce, "To." Bai ƙarasa shayin ba. Ya riga ya nemi hutun ranar, har ya sayi sabuwar taya.

Idan kuɗin awa guda ne ya tsaya miki a rai, ki faɗa in sa miki dala goma a ambulan. Amma ban san ki da haka ba. Kuma ki sani, ni ba zan iya bas ba. Canji biyu ne da jiran awa uku a Dauphin, ƙafata ba za ta yarda ba. In Lucien bai zo ba, ni ma ban zo ba.

Ki ci abinci. Na san halinki, shayi da ɓawon burodi.

Yayarki,
Odarka

Gona
30 ga Mayu

Yaya Odarka,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da kika ja ƙafarki mai ciwo har ofis saboda ni. Ki riƙe dalarki goma. Na yi kuka da na karanta wannan layin, amma ba laifinki ba ne, ni ce ban faɗa miki gaskiya ba. Ban san abin da kuke kira gajeren dare ba, ban kuma damu ba. Bari in ɗauke tulun gishiri.

Takardar nan rahoton abin da ya faru ne, da rubutun hannun Lucien, da sa hannunsa a ƙasa. Ya rubuta cewa Myron ya faɗi ƙarfe biyu saura minti biyar. A layi na gaba ya rubuta cewa motar asibiti ta iso ƙarfe uku da minti goma, kuma a lokacin rai ya fita.

Yaya, awa guda da kwata. A cikin birni, inda kika taɓa ce min asibiti yana bayan layin dogo, mutum zai iya takawa da ƙafa. Me suke yi awa guda da kwata? Ko dai ba wanda ya kira, ko kuma ba wanda ya gan shi. Na taɓa shiga wurin nan sau ɗaya, na san ƙarar injin. Ina rufe ido sai in gan shi kwance a kan siminti bayan tarin buhuna, fulawa tana sauka a fuskarsa, yana kira ba mai ji. Mutumin da ko mura ta kama shi sai ya ce in zauna a bakin gado. Sai kuma na ga an rubuta bakwai maimakon takwas, na ce wato sun san da awar nan, har sun cire ta daga haƙƙinsa.

Shi ya sa Lucien ya kasa kallon idona ranar jana'iza, haka zuciyata take ce min. Ba na zaginsa. Ba zan kai kowa ƙara ba. Amma ba zan iya miƙa masa burodin arba'in da hannuna ba. Idan likita ya zo da wuri wataƙila da yanzu Myron yana waje yana faɗa da tarakta. Ko da kwanansa ya ƙare ne, da dai wani ya riƙe masa kai.

Ban gaya wa kowa ba, ko Fada. Zan ba Wasyl wannan takardar, gobe zai shiga gari.

Ki yafe min in ba ki zo ba. Zan kunna kyandir a madadinki.

Stefka

Winnipeg
10 ga Yuni

Stefka, ƙanwata,

Ki zauna kafin ki karanta. Ba mugun labari ba ne.

Takardarki sai shekaranjiya ta iso, arba'in ta riga ta wuce. Hatimin gidan waya na 6 ga wata ne, ki tambayi Wasyl inda ya kai ta yawo. Da na karanta na gane inda matsalar take. Ni ce wawiya. Na ce miki gajeren dare kamar kowa ya san shi, na manta ke ba ki taɓa juya agogo ba tunda aka haife ki.

Ki saurara. Awar nan da muke shiga gabanku da ita, a daren da Myron ya rasu aka ɗauke ta, kuma da tsakar dare ake yi. Idan agogo ya kai ƙarfe biyu, sai a ce uku ta yi. A wannan daren babu biyu da kwata, babu biyu da rabi a duk faɗin Manitoba. Daga biyu saura biyar zuwa uku da goma, minti goma sha biyar ne, Stefka. Shi ya sa daren ya zama awa bakwai ga kowa.

Ban tsaya a lissafina ba. Yau daga coci na wuce gidan Lucien. Na same shi a bayan gida yana dasa tumatir. Na ce, "Ajiye wannan, ka gaya min yadda ƙanina ya mutu. Daga farko." Ban taɓa tambayarsa ba, ni ma tsoro nake ji.

Ya ce suna tare a wurin ɗinke buhu, kafaɗa da kafaɗa. Myron ya ce masa, "Bafaranshe, riƙe min wannan." Ya miƙa masa bakin buhu, sai ya zauna a ƙasa kamar mai hutawa. Lucien ya daka tsawa a kashe inji, ya tura mutum ya buga waya, ya cire rigarsa ya naɗe, ya ɗora kan Myron a cinyarsa.

Ya ce Myron ya buɗe ido ya ce, "Kai, warin taba kake yi."

Ya ce masa, "Yi shiru, manomi, mota tana hanya."

"Ka gaya wa Stefka, Wasyl ya dawo da injin shuka. Kada ta ji kunyarsa."

"Kai za ka gaya mata da bakinka."

"Da rufin garke, ta arewa. Yana yoyo a kan jar saniya."

"Na ji."

"To rage matse min hannu, da shi zan yi shuka."

Daga nan, in ji Lucien, numfashi ya fara yi masa nauyi. Lucien ya fara Addu'ar Ubangiji da Faransanci, Myron ya kama da harshenmu, suna tafiya tare kowa da nasa. Mutum takwas suna tsaye kewaye da su, huluna a hannu. Myron ya kai wajen da ake roƙon abincin yini ya tsaya. Lucien ya ƙarasa masa. A lokacin masu motar suka shigo da gudu. Ya ce, "Ban saki hannunsa ba sai da suka ɓamɓare min yatsu." Likita ya ce jijiyar zuciya ce ta fashe, ko a ƙofar asibiti ya faɗi ba abin da za a iya.

Na ce, "To me ya sa ka rubuta uku da goma?"

Ya ce da farko biyu da goma ya rubuta, don agogon Myron ya duba, yana hannunsa. Ofis suka dawo masa da takardar, suka ce babu wannan lokacin a daren, dole ta dace da ta asibiti da ta biya. Ya sake rubutawa. Agogon kuwa, wai tun farkon dare ana ta tsokanar Myron ya tura shi gaba, ya ce, "A kan me? Mako guda ya rage in koma inda mutane ke da hankali. Awata kuma ku ajiye min, zan dawo in karɓa a kaka."

Sai ya tambaye ni dalilin tambayar. Ban iya ƙarya ba, kin sani. Na gaya masa. Ya ce, "Duk kwanakin nan haka take ganina? Cewa zan bar shi a ƙasa?"

Na ce, "Takardarka ta karanta, Lucien. Kai kuma ranar jana'iza ba ka ce mata komai ba."

Ya ce, "Na yi ta shirya maganar a mota tun daga nan har can. Da na gan ta sai ta ƙi fitowa." Ya koma ya durƙusa wajen tumatirinsa. Na yi masa sallama bai ɗago ba.

Ya ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma mijinki bai mutu shi kaɗai ba. Ki yi barci yau.

Odarka

Gona
16 ga Yuni

Yaya Odarka, yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da hannu biyu. Lafiyata ƙalau. Na yi barci har rana ta fito, shanu suna ta kuka, Paraska ta aiko a duba ko na mutu.

A bakin akwatin wasiƙa na karanta takardarki, a tsaye, ban bi umarninki ba. Sai ga ni zaune a cikin ciyawa. Na san kuna juya agogo, amma ban taɓa tambayar yaushe ba. Na ɗauka kowa in ya tashi da safe yake murɗa nasa, kamar yadda ake yage kalanda. Ban san akwai daren da ake yanke masa tsakiya ba.

Da na shiga gida na ajiye agogonsa a kan teburi na zauna na ga yadda minti goma sha biyar yake. Ruwan shayi ya tafasa, na zuba, bai ma huce ba lokacin ya cika. Ko saniya biyu ba na tatsewa a cikinsa. Kuma duk tsawonsa kansa yana kan cinyar mutum.

Warin taba! Wannan shi ne Myron. Na yi dariya ni kaɗai a kicin har na tsorata kyanwa. Ba ni da abin da zan biya ki wannan takardar. Kin dawo min da mijina yadda na san shi, yana tsokana, yana tunanin saniya. Wancan da nake gani a bayan buhuna ya tafi, bai sake zuwa ba.

An yi arba'in lafiya, coci ya cika. Na yanka burodi na raba, na ajiye kujeru biyu babu kowa a kai, ni na jawo. Takardata kuwa a ƙarƙashin kujerar motar Wasyl ta yi mako, tare da igiya da ragowar tsiran alade. Ya zo yana ba ni haƙuri. Na ce, "Wasyl, Myron ya bar maka saƙo a bakin mutuwarsa." Ya cire hula, idonsa ya kawo ruwa. Na ce, "Ya ce ka dawo da injin shuka." Ya ce, "Ai na dawo da shi!" Na ce, "Shi ya sa yake kwance lafiya."

Rufin garke gaskiyarsa ne, yana yoyo. Na matsar da jar saniya na kafa bokiti.

Ga 'yar takarda na sa a ciki, ki ba Lucien. Kina iya karantawa, ba wani abu ba ne. Na ce masa na gode da cinyarsa da rigarsa da addu'ar da ya ƙarasa. Na ce na zalunce shi a zuciyata kuma ina jin kunya. Na ce ƙofata a buɗe take. Ban iya tsara magana ba, in kin ga da gyara ki gyara da baki.

Stefka

Winnipeg
3 ga Yuli

Matarmu,

Gaisuwa a gurguje, zafi ya hana ni zama. Na ba shi. Ya karanta sau biyu, ya ninke ya sa a cikin hularsa, ya tambaye ni ko famfo yana ɗiga. Shi ke nan. Kada ki matsa. Wasu mazan kamar tukunyar ƙarfe suke, suna daɗewa kafin su huce. Ki aiko min da hoton maraƙin.

Odarka

Winnipeg
29 ga Oktoba

Stefka,

Ina gaisuwa. Na samu kwalaben kokwamba da takardarki ta bayan girbi, na ji daɗi alkama ta yi auki. Kin tambaye ni sau uku a rani ko Lucien ya ce wani abu, sau uku na ce a'a. Yau ina da amsa.

Daren Asabar aka mayar da agogo baya, dogon daren ke nan. Ƙarfe biyu ta yi aka ce ɗaya ce, aka sake ta daga farko. Rukunin su Lucien ne a kan aiki, kamar yadda aka tsara tun bazara. Jiya da hantsi ina shirin coci sai ga shi a ƙofa, ko gida bai je ba, gira duk fulawa.

Na ce, "Kai kuma lafiya? Ka yi kama da fatalwa."

Ya ce, "Mun karɓo awar Myron."

Wai da lokacin ya yi, sai wani ya ɗauko kujerar da Myron ke zama ya sha shayi ya ajiye ta a wurin ɗinke buhu. Suka yi aikin awar nan tana nan a tsakaninsu. Da gari ya waye su tara suka tsaya jiran 'yar siririyar ofis, ashe ta shigo ranar Lahadi don gyara lissafin daren. Suka ce a rubuta awar ta tara da sunan Myron. Ta ce doka ba ta yarda ba, wanda ya yi aiki shi ake biya, kowa sai ta sa masa tasa a takardarsa da ƙarin rabinta. Lucien ya ce, "To sa mana. Bayan nan doka ba ta da hannu a aljihunmu, ko?" Ta ce babu. Sai ta buɗe jakarta ta ce ita ma a sa da ita.

Na ce masa, "Kada ka kai wa Stefka kuɗi, za ta jefe ka da su. Na gwada."

Ya ce, "Wa ya ce kuɗi? Kwanon rufin garke ne. Na riga na yi magana da mai shago. Myron ya ba ni saƙo biyu, ɗaya Wasyl ya riga ni, ɗayan yana wuyana." Su huɗu ne za su zo, da tsani da kayan aiki, Asabar 10 ga wata kafin dusar ƙanƙara ta zauna. Ni ce a gaban mota, ƙafata a kan matashi.

Ya kai bakin ƙofa ya juyo yana murɗa hular nan tasa. Ya ce, "Amma ki tambaye ta tukuna. Ya hanya?"

Na tambaye ki.

Odarka

Gona
2 ga Nuwamba

Yaya Odarka,

Na gaishe ki, na gaishe da ƙafa, na gaishe da mutum tara da 'yar siririya mai gilashi. Ki ce mata akwai kwalbar zuma da sunanta.

Ki ce wa Lucien hanya ƙalau take. Ba ta taɓa lalacewa ba.

Da kaina zan kai wannan gidan waya, Wasyl ko ambulan ɗin ba zai gani ba. Ya dai ce zai kawo dogon tsaninsa, wanda in kin duba da kyau namu ne.

Zan yanka kaji uku. Zan kuma yi burodin kitso, ko da arba'in ta wuce. Na tambayi Fada, ya ce babu dokar da ta hana. Akwai yanka biyu da ban miƙa ba, ina so in miƙa su da hannuna, mu je kabari tare kafin su hau rufi.

Na yi ta tunanin abin da zan ba Lucien. Ba ni da abin da ya kai. Jiya ina murɗa agogon Myron sai na tuna yanzu kun dawo daidai da mu. Agogon nan ba a taɓa tura shi ba, ga shi lokacinsa ya zama daidai a Winnipeg ma. Na goge gilashin, na huda sabon rami a madaurin don hannun Lucien ya fi kauri. Kada ki gaya masa. In ya ce ba zai karɓa ba, ki taya ni da bakin nan naki.

In bazara ta zo aka ce a tura agogo gaba, shi ya san abin da zai yi da shi. Ni ban iya ba.

Wannan karon ba sai kin faɗi da agogon wa za ku taso ba. Ku dai taso da wuri. Zan kasance a bakin ƙofa.

Matarku,
Stefka